Yadda masu farautar muryoyin nesa suka kafa ƙungiyar maƙwabta a Arewacin Kaliforniya

Duk wanda ya taso a gidan da ake murɗa akwatin rediyo da asuba ana lalubo Landan a kan mita 16 ko 19 ko 25, ya san wani abu game da gajeren zango wanda ba a littafi ya koye shi ba. Ya san cewa tashar da ta fito tangaram da sassafe tana iya dusashewa kafin hantsi, kuma wadda ba a jin ɗuriyarta da rana tana iya cika ɗaki bayan isha'i. A ƙasashe da yawa akwai mutanen da wannan hali na gajeren zango ya shiga ransu har suka wuce matsayin masu sauraro, suka zauna jarrabawa, hukuma ta ba su lasisi da lambar kira, suka kafa ƙananan tashoshi a gidajensu domin su yi magana da 'yan'uwansu, ba don kasuwanci ko neman kuɗi ba. Su ne masu rediyon sha'awa. A cikinsu kuma akwai wani rukuni da babu abin da ke gabansa sai nisa, wato a ji su a wata ƙasa, su ma su ji mutumin can, a yi musayar lambar kira da bayanin ƙarfin sigina. Wannan farauta ita suke kira DX, haruffa biyu da suka gada daga taƙaitattun kalmomin ma'aikatan wayar tangaraho, masu nufin nesa.

A shekarar 1946 wasu daga cikin irin waɗannan mutane, mazauna garuruwan da ke kewaye da mashigin tekun San Faransisko a Amurka, suka kafa ƙungiyar da suka sa wa suna Northern California DX Club, wadda take nan har yau, kuma ana lissafa ta cikin tsofaffin ƙungiyoyin da aka kafa domin DX kaɗai. A cikin sunan akwai abin da ya cancanci a tsaya a kansa. Mutanen da burinsu shi ne su yi magana da Madagaska ko Tibet, me zai sa su ɗaure ƙungiyarsu da iyakar rabin jiha guda? Tun 1914 akwai babbar ƙungiya ta ƙasa, ARRL, wadda Hiram Percy Maxim da Clarence Tuska suka kafa a Hartford ta jihar Konetikat, kuma kusan kowane babban gari yana da ƙungiyar rediyo ta kowa da kowa. A ganina amsar tana cikin yadda sararin sama yake rabon sigina, da kuma yadda aka tsara ƙidayar nasara a wannan fage, kuma sai an fahimci waɗannan biyu ake gane dalilin da ya sa abokan hamayya suka ga babu makawa sai sun zauna a ɗaki ɗaya.

Ita kanta farautar nesa ta samo asali ne daga wani kuskuren hukuma. Dokar rediyo ta Amurka ta 1912 ta kore masu sha'awa zuwa zangon mita 200 da abin da ya gaza haka, saboda a lokacin masana sun ɗauka dogon zango ne kaɗai ke tafiya nesa, gajeren kuwa ba shi da wani amfani ga jiragen ruwa da kamfanoni. A watan Disamba na 1921 Paul Godley ya je Ardrossan a Sikotilan da na'urar karɓa, ya ji siginar masu sha'awa daga Amurka. A ƙarshen Nuwamba na 1923 Léon Deloy a birnin Nis na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz a jihar Konetikat, a kan zangon da bai wuce mita 110 da wani abu kaɗan ba, wanda shi ne karo na farko da masu sha'awa suka ƙetare Tekun Atilantika ta ɓangarori biyu. Kafin shekara ta zagayo, a Oktoba na 1924, wani matashi mai suna Cecil Goyder a Landan ya yi magana da Frank Bell a Niyu Zilan, kusan iyakar nisan da za a iya samu a doron ƙasa. Filin da aka ba su don a rabu da su sai ya zama shi ne mafi albarka. A 1925 aka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa, IARU, a Faris, taron Washinton na 1927 kuma ya ware musu zangunan mita 160 da 80 da 40 da 20 da 10, ya kuma raba wa ƙasashe haruffan farkon lambar kira, ta yadda mai sauraro zai iya gane ƙasar mutum daga haruffa biyun farko.

Da zarar nisan kansa ya daina zama abin mamaki, sai tambaya ta koma ta yawa: ƙasashe nawa ka samu? Nan kuma gardama ta tashi, domin kowa yana ƙirga yadda ya ga dama. Shin Sikotilan ƙasa ce dabam da Ingila? Hawayi fa, da ke tsakiyar teku amma ƙarƙashin tutar Amurka? A fitowar Oktoba ta 1935 ta QST, mujallar ARRL, Clinton DeSoto ya kawo shawarar cewa a ɗauki kowane yanki da yake a ware, ta fuskar mulki ko ta fuskar labarin ƙasa, a matsayin ƙasa guda. A kan wannan ne ARRL ta kafa shaidar DXCC a 1937, wadda ake bai wa duk wanda ya tabbatar da cewa ya yi magana da ƙasashe 100. Kalmar tabbatarwa a nan tana da nauyi ƙwarai. Faɗa da baki ba ya wadatarwa, sai mutum ya gabatar da katin QSL, wato ɗan katin da ɗaya tashar ke aikowa ta gidan waya, ɗauke da kwanan wata da lokaci da zango da ƙarfin sigina. Saboda haka kowace nasara tana da rabi biyu: a samu tashar a iska, sannan a samu katinta a hannu, kuma sau da yawa rabi na biyu ya fi na farko wuya, musamman idan mai tashar ma'aikacin mulkin mallaka ne da za a iya sauya masa wurin aiki kafin wasiƙa ta iso. Yau jerin yana da yankuna 340, cikinsu har da tsibiran da babu mai kwana a kansu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da komai. Bayan harin Pearl Harbor a Disamba na 1941 aka rufe tashoshin masu sha'awa a Amurka baki ɗaya, dubbansu kuma suka shiga aikin soja a matsayin masu sadarwa da masu gyaran na'urori da malaman koyar da bugun Mos, wato aika haruffa da gajeru da dogayen sautuka. Abin da ya biyo bayan yaƙin shi ne ya haifar da ƙungiyar da muke magana a kanta, domin abubuwa da dama sun haɗu cikin 'yan watanni. A ranar 15 ga Nuwamba, 1945 aka mayar musu da zangon mita 10, a cikin 1946 kuma aka fara sakar musu mita 20 da 40. ARRL ta yanke shawarar cewa taswirar duniya ta canza har tsohon lissafi ba zai ci gaba ba, don haka aka share allo, kowa ya koma sifiri, kuma hulɗar da aka yi daga waccan rana ta Nuwamba ce kaɗai za ta shiga sabuwar ƙidaya. Tsohon hannu da ya shafe shekara goma yana tara katuna da yaron da ya dawo daga fagen daga suka tsaya a layi ɗaya. Kayan sojan da suka yi rara, irin su na'urar karɓa BC-348 da na'urar watsawa BC-610, suka cika kasuwa a farashin da bai kai kusa da abin da gwamnati ta kashe a kansu ba. Sojojin Amurka masu lasisi suna warwatse a tsibiran Fasifik da Japan da Jamus, suna buɗe tashoshi a wuraren da a da ba a taɓa jin kowa ba. Rana ita ma ta ba da nata gudummawar, domin tabon da ke fita a fuskarta, wanda yawansa ke hawa da sauka kusan duk shekara 11, yana dab da kaiwa ƙololuwa a 1947, kuma yawan tabon shi ke buɗe zangunan mita 10 da 20 zuwa nesa.

Yankin San Faransisko yana da wani abin da ba kowane wuri ke da shi ba. A 1934 wasu masu rediyon sha'awa biyu, Bill Eitel da Jack McCullough, sun kafa kamfanin Eimac a San Bruno, suna ƙera manyan bawul, wato kwalaben lantarki masu ƙara ƙarfin sigina, na na'urorin watsawa, kuma 'yan'uwansu masu sha'awa ne kwastomominsu na farko kafin yaƙi ya sa soja suka riƙa saye da yawa domin na'urorin rada. Ga jami'o'in Stanford da Berkeley, ga sansanonin sojan ruwa, ga tashar jiragen da ke fuskantar Asiya. Injiniyoyi da masu gyara sun yi yawa a wurin, kuma da yawansu da rana suna aikin lantarki ne, da dare su koma gida su ci gaba da shi don nishaɗi. A wannan lokacin ne kuma aka sake fasalin gundumomin lambar kira, Kaliforniya ta zama ita kaɗai ce gunduma ta shida, har lambar W6 ta zama kamar sunan ƙabila a iska.

Sai dai duk waɗannan suna bayyana dalilin da ya sa aka samu mutane ne. Dalilin da ya sa ƙungiyar ta zama ta yanki yana sama. Siginar gajeren zango tana tafiya nesa ne saboda wani sashe na sararin sama, kimanin kilomita 250 zuwa 400 daga ƙasa, wanda hasken rana ke cajawa, ya riƙa lanƙwaso siginar tana dawowa ƙasa. Tsalle ɗaya ba ya wuce kilomita 4,000 ko kusa da haka, don haka tafiya mai nisa tsalle-tsalle ce, kuma kowane tsalle yana cin ƙarfin sigina. Mai tasha a Boston yana da kimanin kilomita 5,300 tsakaninsa da Landan, kusan duka a kan ruwan gishiri, wanda ya fi busasshiyar ƙasa mayar da sigina sama. Mai tasha a San Faransisko yana da kimanin kilomita 8,600, kuma gajeriyar hanyarsa ba gabas take bi ba kamar yadda shimfiɗaɗɗiyar taswira ke nunawa, tana bi ne ta arewa maso gabas, ta kan Kanada da Girinlan, ta ratsa yankin da ke kewaye da ƙuryar arewa ta duniya, inda guguwar rana ke hargitsa sararin sama ta haɗiye sigina. Turai kuwa ita ce nahiyar da ƙasashe suka fi cunkushewa a ɗan ƙaramin fili, kuma ta bayanta ake isa Gabas ta Tsakiya da wani ɓangare na Afirka. Ma'ana, mutumin gabar gabas yana iya tara ƙasashe arba'in cikin sauƙi a wurin da mutumin Kaliforniya zai yi ta fama, kuma idan tasha mai wuyar samu ta fito daga Turai ko Afirka, sai ɗan Kaliforniya ya tsallake katangar dubban tashoshin gabas waɗanda siginarsu ta fi tasa ƙarfi a kunnen wanda ake kira.

A ɗaya gefen kuma Allah ya ba su nasu rabon. Japan tana kimanin kilomita 8,300 daga gare su, duka a kan teku, haka ma hanyar zuwa Ostareliya da Niyu Zilan da tsibiran Fasifik a kan teku take, wuraren da mutumin Boston ke wahalar samu. Sannan akwai abin da suke kira doguwar hanya: wani lokaci da sassafe, musamman a lokacin sanyi, sigina daga Turai ko Afirka ba ta zuwa ta gajeriyar hanya, sai ta zagayo ta ɗaya gefen duniya ta cikin duhun dare, wanda ke nufin sai mutum ya juya eriyarsa ta ba wa ƙasar da yake nema baya kafin ya ji ta. Irin wannan ƙofa tana iya buɗewa na minti ashirin kusa da fitowar rana ta rufe. Wannan ilimi ne da ba ya aiki sai a wurinsa. Mujallar da ake bugawa a Konetikat za ta iya cewa an ji wata tasha a kan mita 20 da ƙarfe kaza, amma ga mutumin Oakland, maƙwabciyar San Faransisko, wannan labari kusan banza ne, domin a lokacin sararin samansa a rufe yake. Wanda zai iya gaya masa abin da zai amfane shi shi ne wanda rana ke fito musu tare, wanda siginarsa ke bin hanya ɗaya da tasa. Iyakar ƙungiyar, idan aka duba da kyau, iyakar mutanen da ke jin abu ɗaya a lokaci ɗaya ce.

Daga nan ne matsalar da ta fi ba ni sha'awa take tasowa. Maƙwabcin da labarinsa zai amfane ka shi ne kuma babban abokin takararka. Idan tasha ta fito daga wani tsibiri na Tekun Indiya, wanda shi ne yankin da ya fi nisa da Kaliforniya a duk duniya, kuma ƙofar ba za ta wuce rabin sa'a ba, to duk wanda ka sanar ka ƙara wa kanka cunkoso ne, domin ɗaruruwan tashoshi ke kira a lokaci ɗaya, wanda ake kira kuwa ɗaya bayan ɗaya yake amsawa. Hankalin ɗan kasuwa zai ce ka yi shiru har sai ka samu. Amma babu mutumin da zai iya zama gaban rediyo dare da rana yana murɗa zango biyar, ga aiki ga iyali ga barci. Mutum ashirin da suka yarda su riƙa sanar da juna suna da kunnuwa arba'in, kuma abin da kowannensu zai rasa ta hanyar ƙarin cunkoso bai kai abin da zai samu daga tashoshin da da ba zai taɓa sanin sun fito ba. Abin da ya rage shi ne amana, wato tabbacin cewa wanda ka tasa daga barci yau zai tashe ka gobe. Irin wannan amana ba ta ƙulluwa ta wasiƙa tsakanin mutanen da ba su san fuskar juna ba. Tana bukatar taron wata-wata, da cin abinci tare, da kunyar haɗuwa da wanda ka ɓoye wa labari. Da farko wayar tarho ce hanyar sanarwa, wadda ita ma ta fi sauƙi da araha tsakanin garuruwan da ke kusa. Daga baya suka koma amfani da zangon mita 2, wanda ba ya wuce yanki, suka ɗora na'urar maimaita sigina a kan tudu da lambar ƙungiyar, W6TI, inda kowa zai bar ƙaramar rediyo a kunne yana jiran a ambaci lambar kira da zango.

Akwai kuma amana ta biyu, wadda ta shafi gaskiyar nasarar kanta. A wannan fage babu alƙalin wasa a ɗakin mutum. Doka ta ƙayyade ƙarfin na'urar watsawa a wat 1,000 a wancan zamani, amma babu mai tsayawa a kan kowa yana duba mita, har ma a sauran jihohi aka riƙa yi wa mutanen yankin shaguɓe da kalmar kilowat ɗin Kaliforniya, ana nufin ƙarfin da ya zarce doka. Ko zargin ya yi daidai a kan wasu ko bai yi ba, ya nuna cewa sunan yanki guda yana iya ɓaci saboda halin mutum kaɗan. Haka kuma ana iya samun katin da ba a yi hulɗar da ke rubuce a kansa ba, ana iya samun mai kutse da ke amfani da lambar wata ƙasa alhali yana zaune a wata, kuma a shekarun 1960 ARRL ta soke ƙidayar wasu tafiye-tafiye bayan an yi shakkar cewa mai tashar ya taka tsibiran da ya ce yana kansu. Ofishin ƙasa yana iya duba katuna, amma maƙwabta ne suka san girman eriyar mutum, suka san ko ƙofar ta buɗe a ranar da ya ce ya samu tashar, domin su ma suna saurare. Shi ya sa ƙungiyoyin DX da yawa suka sa sharaɗin cewa sai mutum ya tabbatar da ƙasashe 100 kafin ya zama cikakken memba. Wasu na ganin wannan girman kai ne, kuma ba na musun cewa yana iya korar sabon shiga. Amma ina ganin asalinsa shi ne a tabbatar cewa wanda zai yi hukunci a kan da'awar wani ya ɗanɗana wahalar da ake magana a kanta.

Kudancin jihar, wajen Los Anjelis, ya kafa tasa ƙungiyar, domin tsakanin manyan biranen biyu akwai tafiyar kimanin kilomita 600, wadda ta fi ƙarfin taron wata-wata. A kudun ne Don Wallace, mai lambar W6AM, ya shimfiɗa gonar eriya a kan tudun Palos Verdes wadda ta shahara a duniya. Hamayya tsakanin arewa da kudu ta kasance mai zafi, amma matsalarsu da gabar gabas iri ɗaya ce, don haka a 1949 suka fara haɗuwa sau ɗaya a shekara a Fresno, garin da ke tsakiyar kwarin San Joaquin, kusan rabin hanya ga kowa. Daga baya taron ya koma Visalia, ƙungiyoyin biyu suna karɓa-karɓar ɗaukar nauyinsa, ya kuma girma har ya zama wurin da masu DX daga nahiyoyi dabam-dabam ke zuwa su ga fuskokin da suka shekara suna jin bugun hannunsu.

Jerin ƙasashen bai taɓa tsayawa cak ba, kuma a nan ne tarihin Afirka ta Yamma ya shiga lissafin mutanen Kaliforniya kai tsaye. Kafin 1960 Afirka ta Yamma ta Faransa tana matsayin ƙasa guda a jerin, da haruffan FF8, tun daga Dakar har zuwa Yamai da Damagaram. Da aka samu 'yancin kai a waccan shekara aka soke ta, ƙasashe da dama suka maye gurbinta, Nijar ta samu haruffan 5U, Nijeriya kuma ta bar ZD2 na zamanin Ingila ta koma 5N. Ga mai farauta a San Faransisko wannan yana nufin sababbin ƙasashe da yawa a lokaci ɗaya, dukansu a nisan da ya haura kilomita 10,000, da bambancin sa'a takwas ko tara, kuma a wasunsu masu lasisi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Sanin ranar da wani malami ko injiniya a Kano ko Yamai ya saba hawa iska, da zangon da yake so, da adireshin da katinsa ke fitowa, ya zama dukiya. Irin wannan bayani ne ya cika takardun labarai na ƙungiyoyi, da kuma West Coast DX Bulletin da Hugh Cassidy, mai lambar WA6AUD, ya riƙa fitarwa duk mako daga 1968 zuwa 1979.

Sannu a hankali aka ƙare ƙasashen da ke da mazauna, aka bar waɗanda babu kowa a kansu, kuma idan babu tasha a wuri babu yadda za a samu katinsa sai wani ya ɗauki kaya ya je. Bob Denniston ya jagoranci tafiya zuwa tsibirin Clipperton da ke gabashin Fasifik a 1954. Danny Weil, ɗan Ingila, ya riƙa yawo a ƙaramin jirgin ruwansa mai suna Yasme daga tsakiyar shekarun 1950 yana buɗe tasha daga tsibiri zuwa tsibiri. Lloyd Colvin da matarsa Iris, masu lambobin W6KG da W6QL, mazauna yankin San Faransisko, sun shafe shekaru suna zagaya duniya, sun yi aiki daga ƙasashe fiye da 100. Amma hayar jirgin ruwa zuwa wani dutse a tsakiyar teku ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, ta kuma fi ƙarfin kuɗin wata-wata na ƙungiya. A 1972 wasu masu DX na yankin suka kafa gidauniya mai zaman kanta, Northern California DX Foundation (NCDXF), domin tara gudummawa a tallafa wa irin waɗannan tafiye-tafiye, kuma cikin ayyukanta na farko akwai tafiyar 1974 zuwa Kingman Reef a tsakiyar Fasifik. Gidauniyar dabam take da ƙungiyar a wurin doka, amma daga mutane ɗaya da al'ada ɗaya ta fito. Abin lura shi ne wanda ya ba da kuɗin ba ya samun wani fifiko a cunkoso, kuma tashar da aka kai tsibirin za ta amsa wa Bajamushe da Bajapane kamar yadda za ta amsa wa ɗan Oakland. Lissafin da ya sa maƙwabta ashirin suka yarda su riƙa tada juna shi ne aka faɗaɗa zuwa duniya.

Mafi kyawun abin da wannan gidauniya ta yi, a nawa ra'ayin, shi ne tashoshin alama. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 ta fara kafa su, daga baya tare da haɗin gwiwar IARU suka zama 18 a sassan duniya, biyu daga cikinsu a Afirka, ZS6DN a Afirka ta Kudu da 5Z4B a Kenya. Suna aiki ne a kan megahaz 14.100 da 18.110 da 21.150 da 24.930 da 28.200. Kowace tana ɗaukar daƙiƙa 10, ta buga lambar kiranta da harufan Mos, sannan ta saki sauti huɗu, na farko da ƙarfin wat 100, na biyu da wat 10, na uku da wat 1, na ƙarshe da kashi ɗaya cikin goma na wat, sai ta bar wa ta gaba fili. Cikin minti 3 an zagaya duniya. Wanda ya saurara zai san, daga inda yake zaune, wace nahiya ce ƙofarta ke buɗe kuma da wane ƙarfi. Wannan ita ce ainihin tambayar da mutanen 1946 ke yi wa juna ta tarho, an mayar da ita na'ura, an kuma bayar da ita kyauta ga duk mai akwatin da ke iya kama irin wannan sigina.

Ba duka ne suka zauna a inuwa ɗaya ba. Masu son gasar ƙarshen mako, inda ake ƙirga yawan hulɗa cikin sa'a 48, halinsu ya bambanta da na mai haƙurin jiran ƙasa guda shekara da shekaru, kuma a 1970 suka kafa tasu ƙungiyar, Northern California Contest Club, ko da yake mutane da yawa suna cikin duka biyun.

A ƙarshen shekarun 1980 Dick Newell, mai lambar AK1A, ya rubuta manhajar PacketCluster, wadda ta ba da damar a rubuta labarin tashar da aka ji ya bayyana nan take a allon kwamfutar sauran jama'a. Da intanet ta zo sai aka haɗa waɗannan cibiyoyi, labari ɗaya ya riƙa isa Tokiyo da Roma da San Faransisko a daƙiƙa ɗaya. A 2003 ARRL ta buɗe rumbun tabbatar da hulɗa ta intanet, wanda ya rage dogaro da katin takarda, a 2017 kuma aka fito da tsarin FT8, wanda kwamfuta ke tsamo siginar da kunnen mutum ba zai ji ba. Biyu daga cikin ayyukan da aka kafa ƙungiyar dominsu, sanarwa da neman kati, sun koma hannun na'ura, kuma cunkoson ya ƙaru ƙwarai domin yanzu duniya ce gaba ɗaya ke rugowa a lokaci ɗaya. Amma allon da ya nuna cewa wani a Italiya yana jin tsibirin Bouvet na kudancin Atilantika bai ce komai ba game da ko za a ji shi a San Jose ta yankin San Faransisko, kuma kwamfuta ba ta hawa hasumiya ta riƙe wa dattijo ƙarshen eriya, ba ta kuma raka mutum gaban hukumar gari idan maƙwabta sun kai ƙarar tsawon hasumiyarsa. Hanyar Turai har yanzu ta kan Girinlan take bi, gabar gabas tana nan a tsakani, kuma doguwar hanya tana buɗewa ne kusa da fitowar rana a lokacin sanyi, na ɗan mintoci, ga mutanen da ke zaune a gefe ɗaya na Tekun Fasifik.